Ƙwayoyin da Baba Ya Gauraya a Hula

Shekarar da ƙafafun Baba suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ni nake kai shi asibiti. Ciwon ƙoda ne. Amininsa na unguwar Bulumkutu, wanda suka tsufa tare suna ɗinkin hula a shago ɗaya a unguwar Hausari, shi ma ciwon ke nan. Har a ciwo sai da suka yi tarayya, yadda suka saba haɗa hannu a akushi ɗaya.

A lokacin wani kamfanin magani na ƙasar waje yana gwajin sabuwar ƙwaya, aka saka su su biyu. Ɗakin gwajin yana can ƙarshen baranda, ba taga, ga sanyi kamar cikin randa. Ba a kiran suna a wurin, sai lamba, kuma wata murya ce ke kira daga cikin bango. Likita ya yi mana bayani: wasu za a ba su maganin gaske, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta, don a ga bambanci. Shi kansa bai san wa aka ba me ba, sai an kammala.

Na gyaɗa kai, na ce ai haka ilimi yake.

Ashe suna komawa shago Baba ya cire hularsa, suka juye kwalaben biyu a ciki, ya girgiza, suka raba. Kowane wata haka suke yi. Ban sani ba sai da na riske su wata rana da hantsi. Raina ya ɓaci, na shiga faɗa kamar ina gaban ɗalibaina.

"Kai ɗan boko," in ji Baba, "in sha magani shi ya sha gari? A gidan wa ka taɓa ganin haka?"

Ban gaya wa likita ba, don ina tsoron a sallame su duka. Wannan shirun har yau yana cin raina.

Kafin damina ta wuce kumburin Baba ya fara sacewa. Aminin kuwa kullum sai baya. Wata Alhamis muka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar uku, matarsa ta aiko da ragowar ƙwayoyinsa ƙulle a leda. Baba ya riƙa jera su a kan buzu bayan asuba, farare fat, duk iri ɗaya, yana kallonsu har rana ta ɗaga. Wata sai ya kai ta kunne ya yi kasaƙe. Ya ce a cikinsu akwai masu rai, akwai gawa.

Da muka koma asibiti, ashe ba a cire marigayin daga na'urar kiran lamba ba. Muryar nan ta kira lambarsa. Ta sake kira. Kujerar da ya saba zama tana nan, ba wanda ya hau. A kira na uku Baba ya ce, "Na'am." Na riƙe masa hannu.

Da aka kammala gwajin, likita ya kira ni ni kaɗai. Ya ce maganin yana aiki, amma abu ɗaya ya ɗaure masa kai. Baba ƙwayar banza aka ba shi, ga shi ya samu sauƙi. Marigayin ne aka ba na gasken. Ban gaya masa zancen hular ba.

A cikin keke, mun kusa gida, Baba ya ce, "Wa aka ba na gasken, ni ko shi?"

Na ce, "Baba, ku biyun duk na banza aka ba ku."

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa a cikin takalmi.

"To ni me ya tashe ni?"