Baba Édouard da Mikiya Mai Yatsu Uku

Kafin ƙarfe bakwai na safe, Baba Édouard ya riga ya share ƙofar shagonsa a bayan babbar kasuwar Garwa, ya rataya baƙin ƙyallen da ake zama a gabansa, ya goge gilashin kyamara da bakin rigarsa. Daga nan sai masu neman hoton katin shaida su fara zuwa: Fulanin daji, masu fataucin albasa, matan da suka gangaro daga duwatsu. Kowa da harshen da zai yi masa magana. Shi kuwa yakan ce, "Ɗaga haɓa, hajiya, ba kotu aka kawo ki ba." Shekara ashirin da shida ke nan tun da ya baro Mokolo, garinsu na cikin duwatsu, yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, domin idanunsa sun yi hazo.

Duk Garwa ta san shi da hoton kati. Kaɗan ne suka san abin da yake yi ranar Lahadi in an taso daga coci. Yakan hau kekensa ya bi gaɓar Binuwai zuwa wata tungar masunta, ya shiga ƙaramin kwalekwale, ya lulluɓe kansa da ciyawa, ya bar ruwa ya kai shi kusa da tsuntsaye. Kyamararsa ba ta jawo abin da ke nesa, dole sai ya matsa. Matarsa Léontine takan ce cinnaku sun fi ta sanin jikin mijinta.

Masuntan tungar suna girmama mikiyar ruwa mai farin kai. Ba sa jifarta, don inda ta faɗa ruwa nan kifi yake. Amma akwai wata tsuntsuwa babba, mai launin ƙasa da dabbare-dabbare, wadda suke kira uwar shirwa. Ita suke ɗora wa laifin duk ɗan tsakon da ya ɓace, suna ɗana mata tarko da kifi. Kuma kowace shekara suna kukan masu farin kai na raguwa.

Baba Édouard ya ga abin da ba su gani ba: uwar shirwar daga sheƙar mai farin kai take fitowa. Ya gaya wa Sarkin Ruwa Jibril, aka yi masa dariya.

"Mutumin dutse zai koya mana ruwa? Édouard, ka taɓa ganin farar akuya ta haifi kura?"

Baba Édouard bai yi musu ba. Ya zaɓi guda ɗaya ya riƙa binta da hoto, rani da damina, tun daga 1972. Wata Lahadin ya same ta, wata uku a jere bai gan ta ba. Baba, kai ne ka zauna cikin rana har fatar wuyanka ta saɓule, don kawai tsuntsuwa ta juyo da ƙirjinta.

A shekara ta biyar kaji suka yi ta ɓacewa a tungar. Sarkin Ruwa ya sa aka yi shela: ranar Litinin kowane gida ya ɗana tarko, kada a bar uwar shirwa ko ɗaya. A lokacin irinta huɗu kacal suka rage a wannan yanki.

Ranar Lahadi Baba Édouard bai je coci ba. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar Sarkin Ruwa, ya jera hotuna goma sha ɗaya, ya danne kowanne da tsakuwa. Na farko tsuntsuwa ce mai duhu. A na huɗu fari ya fara ɓullowa a ƙirji. A na takwas kai ya yi furfura. Na ƙarshe kuwa mikiyar ruwa ce sak.

Sarkin Ruwa ya duba ya taɓe baki. "Tsuntsaye goma sha ɗaya ka ɗauko ka jera mini. Ni ma in ka ba ni akwatin nan zan yi."

"Sarki, bar kallon kai. Dubi ƙafar hagu."

Masunta suka sunkuyo. Daga hoto na biyu har na ƙarshe, ƙafar hagun yatsu uku gare ta. Sarkin Ruwa ya ƙura wa ƙafar ido. Sannan ya sa hannu a wuyansa ya fito da wata igiyar fata mai farce guda a jiki. Shekara huɗu da suka wuce wata uwar shirwa ta fizge daga tarkonsa ta bar masa shi, ya riƙe yana nuna wa baƙi. Ya aza farcen a kan hoton ƙarshe.

"Ashe 'ya'yan mai farin kai muke ci da tarko," in ji shi. Ya juya ga mutanensa. "Kada a ɗana tarko gobe, na dā ma a kwance su. Duka."

Daga baya aka gano muzuru ne ke kwashe kajin.

Yau Baba Édouard ba ya iya hango tsuntsu a kan bishiya. Amma duk Lahadi Sarkin Ruwa da kansa yake tuƙa shi, yana ƙirga masa: "Ga biyu can masu farin kai, mutumin dutse. Ga ƙarama a bayansu, ba ta wanke fuska ba tukuna."

Baba, na-Léontine mai idon haƙuri, mun gode. Ba lambar yabo a ƙirjinka, ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba. Mu matasa da ba ma iya zaman awa guda wuri ɗaya, mu dubi mutumin da ya jira tsuntsuwa shekara biyar ta sake riga, mu koyi tsayawa kan abu har ya nuna kansa. Kuma kafin a sa wa shagon nan kwaɗo, duk mai kyamara a Garwa ya je ya zaunar da tsohon nan gaban baƙin ƙyallensa. Léontine ta ce a duk gidansu babu hotonsa ko ɗaya.