Tokar Rachidou

Shekaru Rachidou ya kwashe yana sayar da rigunan waya a shagon kawunsa Alhaji Moctar a unguwar Barbès ta Paris, jirgin metro na rugugi bisa kansa, hankalinsa kuwa na can gonar ubansa a Matameye. Mutum ne da ko tukunyar fure ya gani sai ya tsoma yatsa ya ji damshin ƙasa. Ranar da ya ce zai tafi Lyon noma, Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Madam Inès, wata mai kiwon awaki a bayan Lyon, ita ta ba shi gwaji. Ta gaji da sayen waken soya, tana son farin lufin, wani irin wake mai gina jikin dabba. In gona ta yi kyau, za ta ɗauke shi aiki da kwantara, kwantarar nan kuwa ita kaɗai za ta sabunta masa takardar zama. In ba haka ba, sai jirgin Yamai.

To, shi Rachidou ba ya aikin ganin ido. Ya dubi ƙasar, ya ga kamar yunwa take ji. A gida ba a zubar da toka, gona ake kai ta. Sai ya roƙi Ilyes, mai gasa burodi da itace a unguwar Guillotière ta Lyon, ya riƙa tara masa. Buhu-buhu ya yi ta jida a jirgin tiram da bas, fasinjoji na kakkaɓe riguna suna hararsa. Bai faɗa wa Madam ba, so yake ta sha mamaki. Tokar ta ƙare saura ɗan yanki bakin shinge, abin ya yi ta cin ransa.

Lufin ya tsiro, ya yi rawaya kamar mai ciwon shawara. Rachidou ya yi ban ruwa, ya yi azumi. Da Madam ta zo ta tona ƙasa, sai ta ga fari-fari.

"Me ka zuba?"

"Toka, Madam. Taki ce, haka babana..."

"Lufin ba ya shiri da toka! Ƙasa mai tsami yake so, don haka na zaɓi filin nan."

Ta koma wajen awakinta.

Rachidou ya kira kawunsa a Paris.

"Kawu, barka da yini. Gurbina na shago..."

"A'a, babban manomi! Ai tuni wani yaro Salisu ya shiga. Ya gona?"

Hawaye suka zubo wa Rachidou. Can bakin shinge, inda tokarsa ba ta kai ba, lufin ya yi kore shar, har ya fara fure. Ko akuya biyu ba zai ƙosar ba.