Kibiyar da Ba Wanda Ya Duba

Shekarun baya, zamanin da ake rufe ƙofar ganuwa tun kafin magariba saboda mahara, aka harbe sarkin garinmu da kibiya a hanyarsa ta dawowa daga Birnin Kudu. Dokinsa ne ya kawo shi gida, yana kife a kan sirdi. Kafin la'asar an binne shi, kafin isha kowa a garin ya zama alƙali.

Wasu suka ce maharan duwatsu ne. Wasu suka ce ai mahara ba sa barin doki, don haka ƙaninsa ne mai kwaɗayin sarauta. Ni ma ban zauna shiru ba. Kullum ina gindin tsamiya ina baza basira, har da zana hanyar dokin a ƙasa da tsinke, kamar ina wurin aka yi.

Hirar ta daina yi mini daɗi ranar da abokina ya zo da tasa. Ya ce tsinin kibiyar murɗaɗɗen wuya gare shi, kuma duk yankin nan mahaifina kaɗai ke murɗa wuyan kibiya haka. Mu maƙera ne.

Na ce, "Kai ka gan ta?"

Ya ce, "Wanda ya gani ne ya faɗa mini. Ni fa ban ce Baba ne ya harba ba. Tambaya kawai nake yi, wa ya saya?"

Kowane maharbi daga Wurno har Sara da kibiyar mahaifina a kwarinsa, amma wa zai saurare ni? Ƙanin marigayin ya hau sarauta, mutane suka shiga tsoron a gan su a ƙofarmu. Ga damina ta ƙarato, lokacin da maƙera ke cika da fartanya da garma, tamu kuwa wayam. Mahaifina ya hura wuta da safe, ya zauna yana kallon gawayi na cinyewa a banza.

Haushi ya sa na bi diddigin maganar. Wanda aka ce ya gani ya tura ni wurin mai tsaron ƙofa, shi kuma ya tura ni wurin wanzamin da ya zare kibiyar. Wanzamin ya ce, "Ɗan nan, mai dafi ce, ka san ba a ajiye irinta. Na naɗe ta a tsumma na jefa a tsohuwar rijiya, daga baya kuma aka cike rijiyar. Sarki na kwance, wa ke da zuciyar duba wuyanta?"

Na ruga gindin tsamiya da murnata na faɗa musu. Abokina ya gyaɗa kai ya ce, "Kun ji ko? Har sun ɓoye ta."

A ƙarshen daminar muka ɗora uwar maƙera, ƙarfen da muke dukan ƙira a kai, a kan jaki muka koma Kwandiko, ƙasar Gwaram. A can mahaifina ya rasu, bai sake ƙera kibiya ba. Har yau ban san wanda ya kashe sarki ba, kuma idan na ji mutum ya ce tambaya kawai yake yi, raina ɓaci yake.

Bara abokin nan ya biyo ta Kwandiko, gemunsa fari fat. Ya yi mini ta'aziyya, ya ci tuwona, na gyara masa garma. Da zai tafi ya matso kusa, ya sassauta murya.

"To yanzu da Baba ba ya nan, tsakanina da kai, wa ya saya?"