Baba Ezekiya da Fanka Mai Juyawa Baya

Da sassafe Baba Ezekiya yake isa garejinsa a Mubi, bakin hanyar Maiha, ya zauna kan tsohuwar taya yana jiran motocin da ke tafasa. Shekara talatin da huɗu ke nan. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake jerawa: a ina ta yi zafi, a tsaye ko a guje, wa ya taɓa ta? Na taɓa tsokanarsa cewa alƙali ya kamata ya zama, ba bakanike ba.

Na ga ranar tambayoyin nan a kan Kwaji, direban Hajiya Fatimatu mai fataucin gyaɗa daga Belel. Motar na tafasa a hanya, amma a gareji lafiya ƙalau. An canja lagireto, an canja famfon ruwa, duk a banza. Hajiya ta yanke cewa Kwaji ne ba ya zuba ruwa, ta ce ya ajiye makulli ranar Juma'a. Magidanci mai 'ya'ya biyar fa!

Kanikawa uku sun ga fanka na juyawa, suka wuce ta. Da aka kawo wa Baba motar, ya ji ba a daɗe da sa sabuwar fanka ba, sai ya yagi takarda ya riƙe a gaban lagireto. Maimakon iska ta zuƙe ta ciki, sai ta turo ta waje.

"Hajiya, fanka nan yana aiki, amma baya yake juya," in ji shi. "Wanda ya sa shi ya juya waya biyu. In mota yana gudu, iska na hanya da na fanka suna faɗa. Kwaji ba shi da laifi."

Ko minti biyar gyaran bai ci ba. Nan take Hajiya ta ba Kwaji haƙuri a gaban jama'a. Wallahi har raina na ji daɗi.

Kai ne gwanin da ba ya gaggawa, Baba. Ƙarshen watan nan za ka koma gonarka a Mugulbu, kuma za mu yi kewarka. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Kanikawan Mubi, ku yi koyi da shi, ku bincika kafin a ɗora wa bawan Allah laifi. Har yau makullin motar nan yana hannun Kwaji.