Gaisuwar da Na Kasa Amsawa

Da safen nan na iske Baba Illa, maƙwabcinmu mai saida icce, yana tono tukwanensu cikin laka. Hadarin jiya ya kwantar da ɗakunansa biyu na ƙasa. Namu na siminti ne, ko ɗigo bai yi ba. Bango guda ne tsakaninmu.

Kafin in yi mashi jaje, sai ya riga ni: "Ɗiyata, ina ruwa?"

Kowa a garinmu Tawa ya san amsar: ruwa ya yi gyara. Na dubi jikokinsa zaune bisa jiƙaƙƙiyar katifa.

Ya goge hannu a riga, ya amsa ma kansa: "Ya yi gyara. Gero na so."

Da ku ne, mi za ku ce mashi?