Ɗaukewar Badaru Bakanike

Duk wanda ya taɓa kai gyaran babur bakin tashar Gaya ya san Badaru, mutumin Kademi, kuma da wuya ka sami mai faɗin alherinsa. Hannunsa na da kyau a aiki, bakinsa ne ba daɗi. Ba ya gaisuwa. In ka tsaya a bayansa yana aiki, sai ya ajiye sifana ya ce ka dawo gabansa, ko ka ja babur ɗinka ka yi gaba.

Abin da ya fi ba mutane tsoro shi ne ɗaukewar da yake yi. Yana cikin ɗaure noti sai hannunsa ya tsaya, idonsa ya kafe. A yi ta kira, shiru. Wani lokacin wata siririyar murya ce za ta fito daga bakinsa tana cewa, "Na daina, wallahi na daina." In ya dawo hayyacinsa bai san an yi ba. Akwai ranar da ya farga ya gan shi a kasuwar Ajingi cikin 'yan gyaɗa, bai san motar da ta kawo shi ba. 'Yan tasha suka ce iska ce, wasu suka ce ƙwaya.

Mutanen Kademi sun san mafarin abin, ba sa dai faɗa. Bayan rasuwar mahaifinsu, Badaru yana tashen samartaka ya ƙi gona, ya koma bin masu babura. Yayansa Ɗayyabu ya ɗauke shi ya kai shi wani gidan mari mai nisa, inda ake tsare kangararru. Shekaru ya yi da ƙarfe a ƙafa, ga duka ga yunwa. Da ya fito, gidan Ɗayyabun ya koma, suna cin tuwon tukunya ɗaya ba mai yi wa wani magana.

An gwada masa ruƙiyya. Da ƙarti suka danne shi don malam ya yi karatu, sai ya karya wa ɗayansu yatsa. Daga nan ƙanwarsu Shafa'atu, wadda ke koyarwa a wata Islamiyya a Ajingi, ta dage sai an kai shi asibiti a Kano. Ɗayyabu ya bi su.

Likitar da aka haɗa su da ita sunanta Khaula, masu damuwar ƙwaƙwalwa take gani. Ko zama ba su gama yi ba Ɗayyabu ya ce, "Likita, a yi masa allura kawai. Yaron nan ya ishe mu."

Likitar ta dubi Badaru, wanda ya toge a bakin ƙofa. "Malam Badaru, wa kake so ya zauna a ɗakin nan?"

Ya nuna yayansa da baki. "Wannan ya fita."

"Ni? Ni da nake riƙe da kai?"

"Malam, ka jira mu a waje," in ji ta. Ɗayyabu ya fita yana huci.

Badaru ya ce, "To, tambayi. Kowa so yake ya ji abin da aka yi mini. Daɗi yake yi muku."

"Ba zan tambaye ka ba, ba yau ba kuma ba nan kusa ba. In muka tono shi yanzu, kai za ka ƙara shan wuya. Da barcinka za mu fara, da inda kake kwana."

"Ke ma maƙaryaciya ce."

Ta bar ƙofar a buɗe, ta tura masa kujera kusa da ƙofar. Ta ce masa lokacin da ba shi da hanyar gudu, hankalinsa ne ya koyi gudu ya bar jikin, kuma hakan ya taimake shi a can. Matsalar ita ce har yanzu yana gudun, ko da babu mai bin sa.

"Surutu," in ji Badaru.

Sai wani ma'aikaci ya wuce da gadon marasa lafiya, ƙarafansa suna kaɗawa. Nan take Badaru ya ɗauke. Shafa'atu ta zabura za ta riƙe shi, likita ta ɗaga mata hannu. "Kar ki taɓa shi." A hankali ta riƙa gaya masa inda yake, da cewa ƙofa a buɗe take, babu ƙarfe a ƙafarsa. Ta ce ya danna tafin ƙafarsa a ƙasa, ya faɗi launin labulen da ke gabansa. Da ƙyar ya ce, "Kore." Da ya gane ta ga abin da ya same shi, sai ya yi ƙwallo da kujerar ya fice.

Shafa'atu ta ɗauka shi ke nan. Amma da ranar da aka ba shi ta komawa ta zo, shi kaɗai ya shiga motar Kano.

Watanni suka yi a kan abu kaɗan. Ya koyi gane alamar zuwan abin: kunnensa ya toshe, hannuwansa su zama kamar na wani. Ya fara yawo da kanumfari a aljihu, in ya ji alamar ya tauna, yajin ya riƙe shi. Sau da yawa ba ya aiki. Zagin likitar kuwa bai fasa ba, ita ma ba ta fasa ce masa ya rage murya ba. Da ta tambaye shi ko akwai inda zai kwana hankalinsa kwance, ya ce ba dai Kademi ba. Ya kama ɗaki a Ajingi kusa da gidan Shafa'atu, ya kafa rumfar gyaransa a can.

A rumfar Ɗayyabu ya same shi wata ranar kasuwa, gaban mutane.

"Ka tona mana asiri. Wata mace a Kano ta raba ka da danginka. Don in gyara ka na kai ka wurin nan, ka yafe a wuce mana!"

Badaru ya ji kunnensa na toshewa. Ya jefa kanumfari a baki, ya danna ƙafa a ƙasa, gumi na karyo masa. Bai ɗauke ba.

"Ina jin ka, Yaya, duk na ji. Ban yafe ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ɗayyabu ya tofar da yawu ya tafi. Tun daga ranar ya hana Shafa'atu shiga gidansa, yana bin dangi yana cewa an asirce masa ƙani a asibiti. Wasu sun yarda.

Badaru yana nan a Ajingi. Abin yana zo masa jefi-jefi, likita kuma ta ce da sauran tafiya kafin su taɓa maganar gidan mari. Da damina ta faɗi bana, dattawan Kademi suka aiko ya zo a yi noman gandu. Ya ce wa ɗan aiken su noma, ba da shi ba.