Masar da Ba a Ci, a Tsakiyar Gulbi

Mun tashi da asuba ranar Talata, mu tara 'yan ajin ƙarshe, za mu Madarunfa rubuta jarrabawar sartifika, ta gama firamare. Abin da idona ya fara sauka a kai da na isa filin lekwal, wato makarantarmu, shi ne hancin motar da za ta kai mu. Farar kat-kat ce ta masu haƙa rijiyoyi. A gabanta an ɗaura wani abu kamar ƙaton ƙwarƙwaron zare, sai dai zarensa igiyar ƙarfe ce mai kaurin yatsa, da ƙugiya a bakinta. Na so in tambaya, kunya ta hana ni. Ƙawata ce ta tambaya, direba ya ce injin ja ne, in mota ta kafe da shi take jan kanta.

Da amalanke aka shirya mu tafi tun jajibere, ruwan da aka kwana biyu ana yi ya hana, shi ya sa Mushe, malaminmu, ya roƙi direban. Ƙarfe takwas ake kiran suna, wanda bai amsa ba sai baɗi. Ni kuwa ba ni da baɗi. Na riga na maimaita aji sau ɗaya, kuma ba a ba mutum na biyu.

Muka cunkushe a baya, gwiwa kan gwiwa. Tare da mu akwai wata inna, gwaggon ƙawata, wadda za ta riƙa dafa mana abinci a can. Ta rungume kwanon masa a cinya kamar jinjiri, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati ta sake gyara murfi. Hanyar da ta fito daga wajen Gabi duk ta zama kwata. Gero ya tsiro kamar tsawon yatsa, manoma suna tafe gona da kayan aiki a kafaɗa, suna ɗaga mana hannu. Na ƙirga shamuwa bakwai a bisa wani gawo, sannan na koma bitar lissafi a zuciya.

Rana ta ɗan leƙo muka iso gulbi. Ruwan bai kai gwiwa ba, ja ne kamar kunun kanwa. Direba ya sauka ya taka shi, ya dawo ya ce bismilla. Mun wuce rabi ke nan sai motar ta yi nishi, ƙafafunta suka riƙa juyawa wuri ɗaya. Muka sauko muka tura, taɓo ya yi mana ado har gira, ita kuwa sai ƙara nutsewa take. Wani tsoho mai kora shanu ya tsaya a gaɓa ya ce, "Ku yi hanzari, bayin Allah. An sha ruwa kudu, yana tafe."

Direba bai damu ba. Ya warware igiyar ƙarfen, shi da Mushe suka ja ta har gindin wata kanya a ƙetare suka ɗaura. Ya dawo ya jona wata 'yar waya mai maɓalli, ya ce kowa ya matsa, ya danna. Muka ji ƙas. Ya sake dannawa. Ƙas. Igiyar ko motsi.

Nan fara'arsa ta ɗauke. Ni dai na tsaya gefe ina kallon hannunsa. Ya busa ƙaho, ya kunna fitila, duka lafiya, ya ce to ba batir ba ne. Ya buɗe kan motar ya girgiza bakunan batir ɗin, suna nan daram. Ya kwance wani ɗan baƙin akwati a bisa injin jan, ya kara kunne aka danna masa, ya ce wannan ƙas ɗin na nufin saƙo yana isowa. Sai ya zaro wani ɗan ƙwan fitila mai wayoyi biyu daga aljihu, ya riƙa dangwala shi wuri wuri. Ina lura da ƙafar motar ta baya. Da muka sauko ana ganin rubutun da ke jikinta, yanzu ruwa ya rufe shi. Agogon Mushe ya ce bakwai da kwata.

Direba ya miƙe ya share goshi. "Wuta na zuwa," in ji shi. "Masa ce babu."

Inna ta zaburo daga gaɓa. "Kai ɗan nan, ka ce yunwa kake ji mana! Ka bar mu tsaye cikin ruwa saboda masa? Ga ta nan kwano guda, ka ci ka tada mana mota!"

Har Mushe sai da ya dafa mota don dariya. Gaskiya ni ma abin da na zata ke nan. Direba ya ce, "Inna, wannan masar ko kura ba ta cinta." Mushe ya juyo gare mu ya ce kalmar Faransanci ce, sunan baƙar wayar da wuta ke bi ta koma batir. Ya tuna mana darasin pil, wato ƙaramin batir, da ƙwan fitila: in wuta ta samu hanyar zuwa ba ta samu ta komawa ba, ba ta aiki.

Sanin ciwon bai kawo magani ba. Baƙar wayar ta bi ta ƙarƙashin motar, an ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe, kuma can ƙasa taɓo ya shafe komai, noti ya fi goma, duk kamarsu ɗaya. Direba ya ce kafin ya laluba su duka, ruwa ya shigo inji.

Ni ce mafi gajarta a ajinmu, abin da ake tsokanata da shi kullum. Da na ɗan duƙa sai ga ni ina ganin ƙarƙashin motar sarai. Taɓon duk jiƙe yake, baƙi, yana ɗiga. Wuri ɗaya ne kawai, kamar faɗin kwabo, ya bushe ya yi fari har ya tsage. Da aka sake dannawa na ga ɗan tururi ya tashi daga nan, siriri kamar na bakin buta. Na ja zanen ƙawata na raɗa mata. Ita kuwa ba ta iya riƙe magana ba, ta ɗaga murya ta ce, "Mushe, wai ta ga wani abu!"

Duk aka juyo. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Mi kika gani, ɗiyata?" in ji direba.

Na nuna da yatsa. "Baba, can ya bushe. Sauran bai bushe ba."

Ya kwanta cikin ruwan da rigarsa, ya kai hannu, ya janye da sauri yana yarfe yatsa. "Zafi! Ita ce, wallahi ita ce!" Notin ya saki, tsatsa ta ci bakin wayar, wuta na ta faman wucewa ta ƙunci, shi ya sa wurin ke zafi. Ya kwance shi, ya kankare da wuƙa, ya damƙo yashin gulbi ya goge har ƙarfen ya yi ƙyalli, ya ɗaure tamau. Sai ya miƙo mini maɓallin. Na ɓoye hannuna a baya. Inna ta ce, "Karɓi mana, ke da kika gano masar!"

Na danna. Injin ya yi gurnani, igiyar ta fito daga ruwa ta miƙe tana tsiyaya, kanyar ta girgiza ganye. Motar ta ɗaga hanci ta riƙa tahowa a hankali kamar saniyar da aka tayar daga kwance. Inna ta rangaɗa guɗa, tsohon nan ya ɗaga sandarsa sama.

Ban ga tafkin Madarunfa da kyau ba, gilmawarsa kawai na gani tsakanin itatuwa. Mun shiga filin jarrabawa ana cikin kiran suna, an kai harafin da ke gaban nawa. Na amsa da ƙarfin da ban san ina da shi ba, mai kiran ya ɗago ya dubi taɓon da ke fuskata. Kwananmu biyu a can. Mata na sayar da soyayyen kifi ƙofar lekwal, ƙanana uku dala biyar, kuma ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

Ranar Alhamis muka dawo da amalanke, gulbi ya janye. Sakamako bai fito ba tukuna, amma takardata tana cikin waɗanda za a duba. Tafiyar ta koya mini cewa kallon da nake yi shiru, wanda a gida ake ce wa sanyin jiki, aiki ne shi ma, in dai mutum ya buɗe baki a kan kari.

Da yamma na kai wa Baba, mahaifina, ruwan alwala. A bisa bangon ɗakinsa akwai rediyon da ya yi shiru tun kaka, ya sa masa sababbin pil har sau biyu bai yi magana ba. Na durƙusa, na daɗe ina murza bakin zanena.

"Baba," na ce, "don Allah ka ara mini rediyon nan da 'yar wuƙarka. Ina so in duba masarsa."